Hauren Giwa Da Hanyar Loko: Bashin Da Tarihi Ya Bar Mana

A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu ɗan jingine maganar kuɗin ƙungiya da ta rumfunan kasuwa, mu waiwayi wani ɓangare na tarihin zuwan Hausawa wannan ƙasa wanda ba a cika tattauna shi ba. In ka tari yaro a Lafiya yau ka tambaye shi abin da ya kawo kakanninmu nan, zai ce maka gishirin Keana da Awe, ko malanta, ko aikin reluwe, ko cinikin doya da riɗi. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata haja da ta taɓa fin waɗannan duka tsada, wadda ta sa ayari bayan ayari ya gangaro daga Kano da Katsina da Zazzau zuwa bakin Binuwai. Wannan haja ita ce hauren giwa.

Abin mamaki, giwa tana nan a bakinmu kullum. Muna cewa sawun giwa ya taka na raƙumi. Muna yi wa sarki kirari da toron giwa. Yaranmu na makarantar allo suna haddace Suratul Fil tun suna ƙanana, kuma kowa ya san a Shekarar Giwa aka haifi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Mu kuwa da muke zaune nesa da ƙasar Hausa, babu karin maganar da muka fi sani irin wadda ke cewa giwa a garin wani zomo ce. Amma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa ganin giwa da idonsu a daji? To ina ta tafi, kuma me ya kore ta? Amsar tana da alaƙa da mu.

Wace Ce Giwa?

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san dabbar da muke magana a kanta, domin halittarta ita ce za ta bayyana mana abin da ya faru.

Masana sun kasa giwayen duniya gida uku. Akwai giwar fili ta Afirka, wadda ke zaune a dajin ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin namu. Ita ce mafi girman dabbar da ke tafiya a doron ƙasa, don toronta yakan kai nauyin tan 6. Akwai giwar kurmi ta Afirka, wadda ba ta kai ta fili girma ba, kunnuwanta sun fi zagaye, haurenta kuma siriri ne yana kallon ƙasa. Ta uku ita ce giwar Asiya, ta ƙasashen Indiya da Siri Lanka da Tailan, mai ƙananan kunnuwa, wadda mutanen can suke horarwa tana yi musu aiki. A giwar Afirka mace da namiji duk suna da haure, amma a ta Asiya galibi namiji ne kaɗai ke da babban haure. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Allah Ya ba iri biyun nan na Afirka duka.

Hannun giwa, wato hancinta da leɓenta na sama da suka haɗe, da shi take numfashi, da shi take zuƙo ruwa ta zuba a baki, da shi take karya reshe, kuma da shi take tsintar ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gyaɗa. Manyan kunnuwan nan kuwa mafici ne, in ta kaɗa su jinin da ke bi ta cikinsu sai ya huce. Babbar giwa takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace wajen kilo 150 a rana, ta sha ruwa fiye da lita 100. Kun ga ke nan ba dabbar da za ta zauna a ɗan ƙaramin daji ba ce. Dole ta yi yawo mai nisa, kuma hanyoyin da take bi tsakanin rani da damina gado ne, uwa ke nuna wa 'ya.

Garken giwa na mata ne da 'ya'yansu, kuma tsohuwar uwa ce ke ja musu gaba. Ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san inda haɗari yake. Maza in sun balaga sai su ware. Giwa takan yi shekara 60 zuwa 70 a duniya. Amma ga inda gizo ke saƙar: cikinta wata 22 ne, ɗa ɗaya take haifa, kuma sai bayan shekara 4 ko 5 take sake haihuwa. Giwar kurmi ma ta fi haka jinkiri, don takan wuce shekara 20 kafin haihuwar fari. Shi kuma haure haƙori ne na gaba, wajen sulusinsa a binne yake cikin ƙashin kai. Ba a aske shi kamar gashin tunkiya a sake ta. Mai son haure cikakke sai ya kashe mai shi.

Hanyar Haure

Garin nan namu, Lafiyan Barebari, Muhammadu Dunama da jama'arsa ne suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, a tsakanin Alago da Migili da Gwandara da Eggon da sauran mutanen ƙasa. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Lafiya ta shiga ƙarƙashin Bauci, Keffi da Nasarawa kuma suna bin Zazzau. Wannan ya buɗe wa fatake hanya daga birane na arewa har bakin kogi, kuma a wancan zamani kwarin Binuwai daji ne mai faɗi da namun daji, har da giwa.

Tun da daɗewa haure yana cikin kayan da ake kaiwa Kano, daga nan Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Amma a ƙarni na 19 ne kasuwar ta tashi sosai, saboda Turai da Amurka sun yi arziki suna neman haure ido rufe. Da shi suke yin maɓallan abin kiɗan nan fiyano, da ƙwallayen wasan tebur, da ƙotar wuƙaƙen cin abinci, da mataji. Wato dabbar da ta yi shekara 50 tana girma a dajin Adamawa, ƙarshenta ta zama abin wasa a falon wani attajiri a Landan.

Matafiyan Turai sun bar mana shaida. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai a watan Yuni na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya kuma ba da labarin yawan giwa da haure a Adamawa. A 1854 Dakta Baikie ya hauro Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, abin da ya nuna wa 'yan kasuwar Ingila cewa za su iya zuwa su sayi kaya a bakin kogi ba sai sun jira Sahara ba. Gerhard Rohlfs ya ratsa Keffi a 1867. Sannu a hankali sai akalar haure ta juya kudu, kuma garin Loko, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, ya zama mashiga. Marubutan Turai na wancan lokaci sun lissafa Loko cikin manyan kasuwannin haure na Afirka ta Yamma. Daga Loko ne Paul Staudinger ya kama hanyar Keffi da Zariya da Kano a 1885, haka ma C. H. Robinson a 1894. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami takardar izini daga gwamnatin Ingila a 1886, yana da ma'aikata a tashoshin kogin irin su Loko da Ibi suna auna haure suna biya da yadi da gishiri da sauran kayan Turai.

To su wa ke kawo hauren? A nan ne sunanmu ya fito. Fataken Hausawa ne suka riƙe wannan ciniki. Madugu ya haɗa ayari, jagaba ya shige gaba, a bi zango-zango har Banyo da Tibati da Gaundare, har ƙasar Gbaya a can ƙurya. A kowane gari akwai fatoma mai saukar da baƙi da dillali mai haɗa ciniki. Sarakunan ƙasa suna karɓar rabonsu. Ɗaya daga cikin madugan da tarihi ya riƙe sunansu shi ne Madugu Mai Gashin Baki, wanda ya san hanyoyin Adamawa kamar tafin hannunsa. Shi ne ya yi wa Bajamushen nan Eduard Flegel jagora, har Flegel ya tafi da shi Balin a 1884.

Akwai kuma maharba. Maharbin giwa na Hausa yana da makami na musamman da ake kira sango, wato wani gajeren mashi da ake shafa wa dafi, a ɗura shi a bakin bindiga a harba. Dafin kibiya da mashi a ƙasar Hausa galibi daga kwankwani ake haɗa shi. In sango ya shiga, sai maharba su bi sawu har inda giwa za ta faɗi. Aiki ne na masu zuciya, da yawa sun bar ransu a daji. Kuma kada mu ɓoye wani ɓangare mai ɗaci: ba jakuna da 'yan alaro kaɗai ke ɗaukar hauren ba, har da bayi, waɗanda sau da yawa ake sayar da su tare da kayan da suka ɗauko.

Da yawa daga cikin unguwannin Hausawa da ke warwatse daga nan har Kamaru sun samo asali ne daga irin waɗannan zanguna. Mutum ya zo fatauci, damina ta tare shi, ya yi aure, ya gina masallaci, shi ke nan zango ya zama gari. Ba duk kakanninmu ne suka taɓa haure ba, amma hanyar da suka biyo da kasuwar da suka tarar, kuɗin haure yana cikin abin da ya raya su.

Lissafin Da Bai Fita Ba

Mu 'yan kasuwa ne, saboda haka bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ɗauka, alal misali, kowace giwa ta ba da haure kilo 20. Tan ɗaya ke nan sai an kashe giwa 50. Garken giwa kuwa, ko da ruwa da abinci sun wadata kuma babu mai taɓa shi, da wuya ya ƙaru da fiye da kashi 6 ko 7 cikin 100 a shekara. Duk abin da aka kashe sama da haka, uwar kuɗi ake ci ba riba ba.

Bugu da ƙari, maharbi babban haure yake nema, wato manyan toraye da tsofaffin iyaye. In tsohuwar uwa ta faɗi, garke ya rasa mai nuna masa hanya, ɗan da ke shan nono kuma ya mutu a banza. Wannan ne ya sa fatake suka riƙa ƙara nisa kowace shekara. Da haure ya yi wuya a kusa sai a nausa Adamawa, da ya yi wuya a can sai a nausa kudu cikin kurmi. Kakanninmu sun ga alamar, amma a ganin mutanen wancan zamani daji ba ya ƙarewa.

Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka kafa dokokin farauta. An yi dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Amma dokar ta fi hana talaka, don mai lasin yana iya harbi, kuma hukuma da kanta takan sa a harbe giwayen da suka shiga gonaki. Sa'an nan ga wani abu da ya fi bindiga ɓarna, wato ƙarewar dajin kansa. Layin dogo na gabas ya ratsa ta Lafiya, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, jama'a suka ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, hanyoyin da giwa ke bi suka yanke. Ba a yi wata rana guda da aka ce yau giwa ta bar ƙasar nan ba. A hankali ta janye, har aka wayi gari sai a tatsuniya.

A sauran Afirka, babbar annoba ta zo ne tsakanin 1979 da 1989, lokacin da bindigogin yaƙi suka yawaita kuma kasuwar haure ta koma Asiya. An ƙiyasta giwayen nahiyar sun ragu daga wajen miliyan 1.3 zuwa kimanin 600,000 a cikin shekara goman nan. A 1989 Shugaba Daniel arap Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a, kuma a shekarar ce ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya ta riga ta kafa Doka ta 11 ta 1985 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka kuma yi mata gyara a 2016. Duk da haka ɓarna ta sake dawowa. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18, wadda aka bayyana a 2016, ta nuna giwar fili ta ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. Ƙasar Sin ta rufe kasuwar haurenta ta cikin gida a ƙarshen 2017. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya giwar fili cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, giwar kurmi kuma a mataki na ƙarshe kafin ƙarewar.

Abin Da Ya Rage Mana

Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na kare giwa a 2024, ƙiyasin da aka bayar shi ne giwa 300 zuwa 400 suka rage a Nijeriya baki ɗaya, alhali shekara 30 kafin nan sun haura 1,000. Na kurmi suna Okomu a Jihar Edo, da dajin Omo a Jihar Ogun, da gandun dajin Kuros Riba. A Barno akwai garken da ke shigowa daga Kamaru, kamar wanda aka hango daga jirgin sama kusa da Rann a watan Disamba na 2019.

Amma garken da ya fi kusa da mu, kuma mafi muhimmanci a arewa, shi ne na Yankari a Jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma a bakin kogin nan ne giwaye ke taruwa da rani. A 2006 an ƙirga wajen 350, amma bayan ɓarayin haure sun yi musu ta'adi sai ƙiyasi ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150. Da ƙungiyar WCS ta Amurka ta haɗa hannu da gwamnatin jihar aka ƙarfafa sintirin masu gadin daji, aka ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa ba da labari in garke ya doshi gona. Bayan 2015 an yi shekaru ba a sami rahoton an kashe giwa don haure ba. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa in an sa hannu.

Nan kusa da mu kuma, a hanyar Shandam, akwai gandun Pandam da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, lokacin muna Jihar Binuwai-Filato, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996. An san shi da tabkinsa da dorinar ruwa. Irin wannan wuri shi ne ɗan abin da ya rage na dajin da kakanninmu suka tarar.

Ya kamata mu yi adalci ga manomi. Wanda giwa ta shiga gonarsa dare ɗaya ta cinye abincin shekara, ba zai ji daɗin wa'azin kare dabbobi ba. In ba a share masa hawaye ba, shi zai nuna wa ɓarawon haure hanya. A Kenya an gwada kewaye gona da amya, domin giwa tana tsoron ƙudan zuma, wasu wurare kuma da barkono. Manomi ya tsira da amfaninsa, ga zuma ya sayar. Kare giwa ba zai yiwu ba sai an kare wanda ke maƙwabtaka da ita.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ke Lafiya ba mu da giwa, ina ruwanmu? Ruwanmu yana wuri uku.

Na farko, hanyar haure ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Nijeriya ta yi ƙaurin suna a matsayin mashigar hauren da ake satowa daga Afirka ta Tsakiya zuwa Asiya. A watan Janairu na 2019 jami'an kwastan na Hon Kon sun kama wajen tan 2 na haure a cikin kwantenar da ta taso daga Nijeriya. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja. In muka bi lissafinmu na ɗazu, giwa fiye da 100 ke nan. Kayan nan a mota suke tafiya, a ƙarƙashin buhuna da katako, kuma garinmu yana kan babbar hanya. Muna da direbobi, da 'yan kamasho, da masu lodi. Muna roƙon shugabannin tasha su ja kunnen yaransu: kada a ɗauki kayan da ba a san cikinsa ba don an ba da kuɗi mai tsoka. Ranar da asiri ya tonu, mai kaya yana can a ɓoye, direba ne zai kwana a gidan yari, kuma sunan Hausawan gari duka ne zai ɓaci.

Na biyu, abin da ya sami giwa yana samun daji a gabanmu yau. Dubi buhunan gawayi da ke jere a bakin titi, dubi kaɗanya da ɗorawa da kirya da ake sarewa ba a dasa wasu ba. Lissafin dai ɗaya ne, cin uwar kuɗi. Wanda ke wannan sana'a a cikinmu ya tuna itacen da ya sare yau ya girmi ɗansa.

Na uku, 'ya'yanmu. Muna ba kwamitin ilimi na ƙungiya shawara ya haɗa kai da makarantun Islamiyya da na boko a shirya kai yara Yankari da rani, su ga dabbar da suke karantawa a allo. Malamanmu kuma su riƙa tunatar da mu cewa addini ya hana ɓarna a bayan ƙasa da kashe dabba ba bisa haƙƙi ba. Dattawan da suka ji labarin fatauci da farauta daga bakin iyayensu, a je a zauna da su a rubuta tun suna raye.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu zargi kakanninmu ba. Sun nemi halaliyarsu da ilimin zamaninsu, kuma ba su ne suka ƙirƙiri kasuwar Landan ba. Amma mu mun san abin da ba su sani ba, mun ga ƙidaya, mun ga ƙarshen hanya. Mu da muka san darajar a ba baƙo wurin zama, bai kamata a ce da hannunmu aka hana halittar da ta riga kowa zama a ƙasar nan ɗan wurin da ya rage mata ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a a kai. Amin.